Wutsiyar Saniya, Fiffiken Jirgi

Saniyar ba tawa ba ce, kuma wannan ne abin da Alhaji mai jirgi bai gane ba har yau.

Shekarar da ciwon huhu ya share mini garke, na koma kabu-kabu da wani tsohon moto, wato babur, tsakanin Malanville da Madekali. Mutumin da ya tashi a bayan shanu, in ka gan shi yana kiran fasinja a bakin kasuwa, ka tausaya masa kawai. Sai kawuna, yayan mahaifiyata da ke zaune a Gene, ya aiko in je. Ya shiga da ni cikin shanunsa, ya nuna wata jar karsana mai farin gashi a bakin wutsiya, ya ce in tafi da ita habbanaye. A al'adarmu ana ba ka saniya ka riƙe har ta haihu sau uku. 'Ya'yan naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita a kan ƙafafunta. Ranar da ka mayar da ita ake sanin ko kai mutum ne.

Ta haifa mini maruƙa biyu, duka maza. Ciki na uku ya tsufa, har na sayi sabuwar igiyar da zan ja ta da ita zuwa Gene, na rataye a ƙofar ɗakina.

Shi kuwa Alhaji mai fitar wa 'yan kasuwa kaya ne a duwan, wato kwastan, mutumin ƙetaren kogi, ga tumbi ga wayoyi biyu. Ya sayo wani ɗan jirgi da suke kira dron, bai fi faifai girma ba, da fiffike huɗu da ido a ciki. Ba sana'a yake yi da shi ba, sha'awa ce ta wanda ya ƙoshi: ya ɗauki hoton kogi da kwalekwale ya nuna wa abokai. Motarsa ba ta iya bin hanyar gonakin shinkafa, don haka ni nake yawan kai shi bakin ruwa. Yana bayana yana cika mini kunne.

"Abokina, jirgin ga da kaka gani, asirans gare shi, inshora kenan. Kwatano niy yi mai ita. In ya ɓace, su biya. In ya hwashe, su biya. In ya hwaɗa bisa wani ya hwasa mai kai, su dai za su biya. Ni babu ruwana."

Na ce, "To Alhaji, shi mai kan hwa?"

"Shi ma a biya shi mana!" Ya yi dariya har moto yana rawa.

Ranar da abin ya faru ba ni na kai shi ba. Ina wajen shanuna da na maƙwabta bayan la'asar, suna cin burgu, ciyawar nan ta bakin kogi. Sai na ji ƙara kamar ta taron zuma. Na ɗaga kai, ga jirgin yana saukowa har dab da ƙahoninsu. Da gangan ya sauko da shi, yana son hoto mai kyau. Shanu suka watse da gudu, jirgin ya bi su. Jar saniyar tana baya saboda nauyin ciki. Ta zo tsallake magudanar simintin da ke kai ruwa gonakin shinkafa, ƙafar gaba ta zame, kuma daga inda nake na ji ƙarar ƙashin. Jirgin ya wuce ya daki wata giginya, ya wuntsula cikin burgu.

Manoma suka taimaka muka fito da ita. Babu abin yi sai wuƙa. Da aka farka cikin, 'yar maraƙa ce, ja kamar uwarta, har gashi ya fito mata.

Jini yana hannuna har gwiwa lokacin da Alhaji ya iso yana haki.

"Kai, ba ka ga inda jirgina yah hwaɗi ba?"

Sai daga baya idonsa ya kai kan saniyar. Ya ce, "Subhanallahi. To kak ka damu, asirans na biya. Nawa aka saida irinta?" Ko sannu bai ce mini ba.

A wurinmu, in dabbar amana ta mutu a hannunka, wutsiyarta kake yankewa ka kai wa mai ita. Ya duba, ya gane tasa ce, ya yarda da kai, magana ta ƙare. Ba ya neman ko dala. Washegari na naɗe wutsiyar a tsumma na hau moto zuwa Gene. Ban taɓa jin hanyar nan ta yi mini gajarta kamar ranar ba.

Na tarar da Kawu a kan tabarma. Na durƙusa na ajiye tsumman a gabansa. Da Fillanci muka yi maganar. Ya buɗe, ya daɗe yana shafa farin gashin da babban yatsa, sannan ya ce Allah ya karɓi abinsa. Ya tambaye ni ko ta sha wahala, na ce ba sosai ba. Sai ya ce, "Me ke cikinta?"

Na ce, "Mace ce, Kawu."

Ya ajiye wutsiyar a gefensa, ya miƙo mini tsumman. Can ya gaya mini abin da ban sani ba. Ita ce mace ta ƙarshe a zuriyar saniyar da kakata ta zo da ita gidan aure. Sauran duk ciwo ya kwashe. Ya ba ni ita ne don ni ɗan ƙanwarsa ne. Na ce ya ɗauki maruƙan biyu, ya ce kada in sake faɗin haka, nawa ne. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Bayan kwana kaɗan ina yankan burgu na taka jirgin. Ya tsage a gefe, laka ta cika idon. Wallahi niyyata in mayar masa. Na sa shi a buhu na ɗaure a bayan moto, na tsaya wurin mai shayi a bakin kasuwa. Nan na tarar da samari sun haɗa kai a kan waya suna ƙyaƙyatawa. Hoton ranar ne, ashe jirgin yana aika abin da ya gani cikin wayar Alhaji tun yana sama. Ya raba wa mutane, har an sa masa kiɗa. Na ga shanu suna gudu, na ga jar saniyar Kawu tana faɗawa, ɗaya daga cikinsu yana cewa a maido wurin faɗuwar. Na bar shayin ban sha ba, na koma gida da buhuna.

Ashe asirans ɗin da ake yi mana taƙama da ita tana da nata sharaɗi. Alhaji da bakinsa ya gaya mini. Masu asirans sun ce in jirgi ya fashe, sai ya aika musu gawarsa su ga lambar da ke jiki. In kuwa ɓata ya yi, sai ya kawo shaidar jandarma, jami'an tsaro. Shi kuma ba ya iya dosar jandarma, don ya tashi jirgi dab da iyaka ba tare da izini ba. Saboda haka sai gawar.

Ni na riƙa kai shi nema. Yana biyana kuɗin moto, in zauna a inuwar giginyar, in kalle shi ya naɗe wando yana kutsawa cikin laka da tumbinsa, matsattsaku suna manne masa a ƙauri. In ya gaji in ce, "Alhaji, kamar can gaba niy ji hwaɗuwatai." Ya ƙara nutsawa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗin kwanakin nan ƙwarai.

Matata ta san abin da ke cikin buhun. Ta ce in ba shi, tunda kuɗin saniyar ma ba za su fito ba sai an ga jirgin, ga mu da yara. Gaskiya ta faɗa. Don haka na ba shi dama ɗaya. Muna dawowa daga bakin ruwa na ce, "Alhaji, saniyar ga ta tsoho ta, yana Gene. Mu tahi in kai ka, ka ce mai sannu, ka shahe hoton ga. Shi kenan abin da nika so."

Ya ce, "In tahi ta'aziyyar saniya? Kai abokina, kana da ban dariya. A samu jirgi dai, a ba ku kuɗɗinku."

Da safe na ɓalle fiffike ɗaya. Sauran na ɗaura masa dutse, na shiga kwalekwalen masu ƙetarawa, da muka kai tsakiyar kogi na sake shi a hankali ta gefe. Fiffiken na naɗe a tsumman da na kai wutsiya da shi, na nufi inda Alhaji yake zama kusa da duwan. Yana tsakiyar direbobi da 'yan kasuwa. Na durƙusa yadda na durƙusa wa Kawu, na ajiye a gabansa.

Ya buɗe, ya miƙe tsaye. "Ina sauran? Ina kas same shi?"

Na ce, "Alhaji, jirginka ya mutu, ga shaida. Wurinmu wutsiya ta isa. Aika musu Kwatano. In sun yarda da kai wada kawuna yay yarda da ni, su biya ka."

Ya zage ni tas, ya ce sai ya sa an ɗaure ni. Na ce ga moto a waje, in kai shi jandarma kyauta, mu ba su labari tun daga farko. Ya koma ya zauna.

Masu asirans ba su biya shi ba. Ni ma ban ga ko dala ba, kuma matata ta yi mako ba ta yi mini magana ba. Ban yi nadama ba, ko yau aka sake haka zan yi. Abin da ya ci ni shi ne, da na je Gene na ba Kawu labarin, ina jiran ya yi dariya, bai yi ba. Ya shiga ɗaki ya fito da wutsiyar, ta bushe, ya zauna yana shafa farin gashin. Da na dawo gida na sauke sabuwar igiyar daga ƙofa, na ba matata ta yi shanya da ita.