Kwanon Da Ban Buɗe Ba

Hannu na fara gani. Ina zaune a bakin katifa cikin ɗakina na haya a Maitumbi, ina duba littattafan ɗalibai, sai labulen ƙofa ya motsa daga ƙasa. Wani siririn hannu ya turo kwano mai murfi, ya koma. An yi masa jan lalle, da awarwaro guda ɗaya na gilas irin wanda ake yi a Bida. "In ji Nna," mai hannun ta ce, ba ta ko jira na amsa sallamar ba. Na bi takun silifas ɗinta da kunne har ya shige cikin gida.

Satina biyu ke nan a Minna, an turo ni koyarwa a wata sakandare. Garinmu yana can arewa, tafiyar yini guda a mota. Masu gidan da na kama ɗaki mutanen Bida ne. Maigidan dattijo ne mai sayar da yadi a kasuwa, matarsa kuwa duk layin Nna ake ce mata, wato uwa. 'Ya'yansu duk sun watse sai autar, wadda ke karatun koyarwa. Ɗakina yana jikin zaure, saboda haka duk mai shiga da mai fita sai ya wuce ta bakin labulena.

Ni mutum ne da littattafan soyayya na kasuwa suka raina. A akwatin da na zo da shi sun fi tufafi yawa. A cikinsu haka al'amari yake farawa, ido ya ga ɗan abu kaɗan, zuciya ta ƙarasa sauran. Kafin in ga fuskar yarinyar nan har na gina mana gida a gindin ɗaya daga cikin duwatsun Minna, na dasa gwanda a tsakar gida, na raɗa wa 'ya'ya biyu suna. Da na zo na gan ta, ba ta yi kama da ta mafarkina ba ko kaɗan. Gajeriya ce mai wushirya, mai saurin tafiya kamar an aike ta. Sai na rushe waccan na sake gini da wannan, kuma ginin ya fi na farko kyau.

Idan ta wuce ta same ni da littafi a hannu, ido a sama, takan ce, "Malam, karatu ake ko mafarki?"

"Duka biyu, Malama."

"To a bar wa ɗalibai ɗaya."

Iyakar hirarmu ke nan wata da watanni, amma ni kowace kalma sai na kwana biyu ina juya ta.

Kwanon Nna ba kullum yake zuwa ba, sai Juma'a ko in an yi wani sha'ani. Sauran ranaku cin gwauro nake yi: ƙosai da yaji da safe, rana in manta, yamma tsire ko taliya da ƙwai wurin mai shayi. Cikina ya yi ta gargaɗi ina share shi, har ranar da na durƙushe a gaban allo da alli a hannu. Likita ya ce gyambon ciki ne, kuma ya yi nisa. Ya lissafa mini da yatsu: babu yaji, babu suya, babu mai da yawa, babu lemon kwalba, kada kuma in bar cikin ba komai. Ya haɗa ni da wani farin magani mai kauri da ake sha da cokali.

Shekarar ce Babbar Sallah ta faɗo mako ɗaya da Kirsimeti da sabuwar shekara. Na zauna na yi tunanin gidanmu. Ranar layya hanta ake fara gasawa, washegari Inna ta ɗora babbar tukunyar suya, daga nan sati guda ba abin da ake ci sai nama da yaji, har kakide a kan tuwo. Ba a kuma ce wa Inna an ƙoshi. Na san in na je ba zan iya ture hannunta ba. Sai na kira ta a wayar ƙanina na ce aikin jarrabawa ya riƙe ni. Ta ce, "Allah ya yi albarka. Zan ajiye maka rabonka." Sallar farko ke nan da zan yi ba a gida ba.

Garin ya cika da biki ta ko'ina. Raguna a ɗaure ƙofar gidaje suna kuka, coci a bayan layinmu ana waƙa, ƙamshin dafa-duka da soyayyar kaza yana tsallako katanga. Abokan aikina duk sun yi tafiya. Na je kasuwa na sayi kabeji da karas da gwanda da ayaba, da doya wajen matan Gwari da ke sauke ta daga kafaɗa, 'yar garin Kuta, mai gari. Na dawo na kunna risho. Kabeji yana tafasa cikin ruwa zalla, ni kuma ina kwance ina jin kukan jirgin ƙasa daga nesa, ina ganin kaina a cikinsa da ita a kusa da taga, muna wuce gonakin doya zuwa wani gari da ba shi da suna.

Ban gaya wa kowa ciwona ba. A duk littattafan da na karanta, saurayi ciwon so yake yi, ya rame, ya kwanta, a yi ta tausayinsa. Ban taɓa cin karo da wanda ke lasar farin magani a cokali ba. Ina kuma tsoron a ce ɗan hayar nan mai cuta ne, wa zai ba shi 'ya?

Ranar Sallah bayan an sauko idi, kwano ya iso. A layinmu kowane gida yana da alamar da yake yi wa kwanoninsa, don ranar Sallah kwano yakan zaga gida biyar kafin ya koma. Na Nna ɗigo uku ne na jan fenti a gindi. Na ɗaga murfi. Tuwon shinkafa ne da miyar wake da busasshen kifi, ta yi ja wur da manja da attarugu. Na rufe ido na shaƙa har sau uku. Abincin Sallah ba a mayar da shi, kuma zubarwa zunubi ne. Sai na juye a farantina, na lulluɓe da jarida, na tsallaka titi wurin tela.

Telan nan ɗan asalin layin ne, kakansa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna. Ƙato ne mai barkwanci, har ranar Sallah yana kan keke yana ƙarasa ɗinkin mutanen da ya yi wa alkawari.

"Ticha, kai ba ka ci?"

"Na ƙoshi, Maigida."

"Gwauro ya ƙoshi ranar Sallah? To Allah ya ƙara maka irin wannan ƙoshin."

Na wanke kwanon, na sa lemo huɗu a ciki na mayar, don kwano ba ya komawa haka.

Washegari soyayyen nama ne, an barbaɗe shi da yaji. Wannan karon shaiɗan ya yi nasara. Na ce tsoka ɗaya ba za ta kashe ni ba, na ci uku kafin in kai wa tela sauran. Da azahar na kasa miƙewa. Na rarrafa bakin famfo na jiƙa kaina, na daɗe a dunƙule a wurin kafin in iya komawa ɗaki.

Saboda haka rana ta uku da hannun nan ya turo kwano, na yanke shawarar ba zan ko ɗaga murfin ba. Na lura ta ɗan tsaya a bayan labule, ina ganin ƙafafunta, kamar za ta ce wani abu, sannan ta tafi. Na ɗauki kwanon yadda yake, da ɗuminsa, na kai shago. Tela ya ce in ajiye, zai ci in ya gama wuyan wata riga. Ni kuma na bi hanyar dogo ina yawo, ina tsara kalaman da zan faɗa mata in dama ta samu.

Damar ta samu da la'asar. Na dawo na tarar da ita a zaure tana tsince shinkafa a tire. Yau ba ta tsokane ni ba. Kanta a ƙasa ta ce, "Malam, yaya abincin yau?"

Ba ta taɓa tambayata irin wannan ba. Na ga shafin da na daɗe ina jira ya buɗe. Na gyara tsayuwa na ce, "Malama, har yanzu yajin nan yana kan harshena, kuma ba na so ya gushe. Wanda ya ci girkinki ya san akwai zafin da ya fi sanyi daɗi."

Ta ɗago kai. "Yajin?"

"Da manjan. Ban bar ko ɗigo ba."

Ta dube ni ɗan lokaci, ta ce, "To, madalla," ta ci gaba da tsintarta.

Ina nan tsaye ina jin daɗin kaina, sai ga matar tela ta yi sallama da kwano a hannu. Ta je kwashe kwanoni a shagon mijinta, ta juya wannan ta ga ɗigo uku, ta san gidansu. Ta wanke, ta cika shi da waina ta kawo. Kafin in buɗe baki muryar tela ta tsallako titi: "Ticha, ka ce wa mutanen gida yau hannunsu ya ɓace hanyar yaji. Romon kifi fari fat kamar na asibiti. Amma dai na shanye."

Yarinyar ta karɓi kwanon da hannu biyu, ta yi godiya, ta ɗauki tirenta ta shige.

Da safe Nna ta sa aka kira ni. Karon farko ke nan da na wuce zaure. Na durƙusa na gaishe ta, ta nuna mini tabarma.

"Ɗan nan, tun yaushe cikin yake damunka?"

Na ce wata guda, na sunkuyar da kai.

"Kwana nawa muna jin warin kabeji ta tagarka. Na ce wa ƙanwarka, mai dafa kabeji a makon Sallah, ko taɓaɓɓe ne ko marar lafiya. Shekaranjiya ta gan ka a bakin famfo. Jiya tun da sassafe ta tafi kasuwa neman ɗanyen kifin Zungeru. Tukunya dabam ta ɗora maka, ko barkono ɗaya ba ta sa ba, tuwon ma ta tuƙa shi da laushi." Ta girgiza kai tana 'yar dariya. "Tela ya sha gata. Ciwo abin kunya ne? Maigidan nan shekara nawa ba ya cin gishiri, ka ga na kore shi?"

Na ba ta haƙuri. Ta ce ya wuce, amma daga yau in riƙa zuwa da farantina bakin kicin da kaina. Haka aka yi. A wurinta na koyi cewa abincin marar lafiya ba lallai ya zama horo ba. Ta nuna mini yadda daddawa da albasa ke tsayawa a madadin yaji, yadda ake turara kifi da ganyen alayyahu, yadda ɗanyar kuɓewa ke sa doya ta wuce ba tare da mai ba. Ta hana ni fita makaranta sai na sha kunun gyaɗa. Kafin damina ta sauka na manta inda na ajiye cokalin magani. Ita ce kuma ta tsaya a kaina har na kira Inna na faɗa mata gaskiya. Inna ta yi faɗa, ta yi kuka, bayan mako biyu wani direba ya kawo mini zuma da garin kuka.

Ita kuwa autar, na rubuta mata wasiƙa shafi huɗu, na zuba duk abin da na tara daga littattafai. Bayan kwana biyu ta tsaya a bakin labulena ta miƙo mini ita a ninke.

"Na karanta, Malam. Ka iya rubutu."

"To ki yafe mini."

"Na yafe tun ranar. Ba kyautar da abincin ce ta dame ni ba, abinci na mai rabo ne. Amma ina kallon fuskarka lokacin da kake yabon abin da ba ka ko buɗe ba. Ko gezau ba ka yi ba, har daɗi maganar ta yi mini. To gobe in ka yabe ni, yaya zan yi in gane?"

 Ta ce a gaida ɗalibai, ta wuce.

Ba ta yi gaba da ni ba. Muna gaisawa safe da yamma, har takan tambayi jikina. Tsokanar ce kawai ba ta sake dawowa ba. Na ƙara shekara biyu a ɗakin ina jiran ta dawo, sannan aka yi mini canjin wurin aiki na bar Minna.

Bayan shekara bakwai hanya ta biyo da ni, na sauka a Maitumbi. Unguwar ta cika, kekuna masu ƙafa uku sun maye gurbin 'yan acaɓa, da ƙyar na gane layin. Nna da maigidan sun koma Bida da zama. Tela yana nan, gemu ya yi fari. Shi ya ba ni labarin autar. Ta auri wani ma'aikacin gona, suna zaune a Kuta da 'ya'ya uku, ita ce shugabar wata makarantar firamare a can. Ya ce iyaye har rububin kai 'ya'yansu suke yi. Ba ta duka, ba ta tsawa. Yaro ya fasa taga ko ya ƙi yin aikin gida, in ya faɗi gaskiya sai ta sa shi shara ta sallame shi. Amma wanda ya shirga mata ƙarya, ko da mai daɗi ce, sai ya yini a benci a bakin ofishinta, tana shiga tana fita, tana gaisawa da kowa.