Fim Ɗin Da Ban Ce Komai A Ciki Ba

Gwaggona ce ta tafi da ni Guangzhou bayan na gama sakandare, in koyi saron kaya. Baba bai so ba. Sai da ta rantse masa ba za ta ɗauke ido daga kaina ba.

Ni kuwa ba ni da haƙuri. Tana can tana ja-in-ja kan abaya a kasuwar Baima, ni ina tsaye kamar turke. Nan wani mai shago ya ce yana neman baƙar yarinya ta sa kayansa a ɗauki bidiyon talla. Gwaggo ta duba rigunan, duk har ƙasa suke, ta ce, "Je ki, amma kar ki cire ɗankwali."

Mai ɗaukar bidiyon dattijo ne, mayen finafinan da, irin marasa kala da ba a jin magana, sai rubutu ya fito a tsakani. Ya nuna min ɗaya a wayarsa: wata 'yar rawa tana kuka, wani ƙato ya tare ƙofa. Haka zai yi tallar, in ji mai yi mana tafinta, ba sai na buɗe baki ba, sai dai in bi umarninsa. Taho. Juya. Yi dariya. Yanzu ji tsoro. Wani saurayi ya cafki hannun rigata, na fizge da gaske. Dattijon har da tafi.

Na ce, "Me za a rubuta?"

Tafinta ya ce, "Talla ce kawai."

Ba a jima ba wata Hajiya 'yar Maraɗi ta tare ni a kasuwar Tianxiu da waya a hannu. "Ɗiyata, wannan ba ke ba ce?"

Ta fassara min rubutun daga Faransanci. Wai na gudu daga gidan iyayena, ina rawa a gidan giya, ubangidana yana haɗa ni da baƙi. A ƙarshe na tuba na sa abaya, sai lambar shagon ta fito.

Gwaggo ta je ta yi ta masifa. Mai shagon ya ɗaga kafaɗa, ya ce ya riga ya tura wa duk dilolinsa.

Kayanmu ba su bar tashar jirgin ruwa ta Nansha ba bidiyon ya isa Kano, wani ya mayar da rubutun Hausa. Baba ya kira.

Na ce, "Baba, wallahi ko kalma ɗaya ban faɗa ba."

Ya ce, "Da idona na gani. Ba ni gwaggonki."

Na miƙa wa Gwaggo wayar, ta daɗe tana saurare, tana cewa to Yaya, to Yaya. Da ta ajiye wayar ba ta kalle ni ba. Ta ce in haɗa jakata.