Na Ba Dattawa Layina, Na Dawo Ba Kati

Kai jama'a, na gaji! Ku ji abin da ladabi ya jawo mini yau.

Da sassafe na bar Madakiya zuwa Kafanchan karɓar katin zaɓe. Na kusa kaiwa gaban layi, sai ga Baba Ayuba, dattijon cocinmu. Ya ce, "'Yata, ƙafa na ciwo." Na matsa masa. Wata mama ta zo, na matsa. Duk mai furfura sai gabana! Layi na isowa kaina, ma'aikaci ya ce, "Mun tashi."

A motar dawowa, Baba Ayuba na juya katinsa yana ce wa direba, "Yaran yanzu ba ruwansu da zaɓe, sai latsa waya."

Ya waiwayo. "Ke, ina naki?"

Na ce, "Baba, ga shi nan a hannunka."