Goyon da Na Ƙi Kwancewa

Ban taɓa mantawa da ranar da muka fito da Bawa Na-Kulu daga rijiya ba, kuma tunda kun matsa sai kun ji daga bakina, to ku gyara zama. Na san kowannenku ya zo da nasa labarin da ya tsinto a tasha ko a teburin mai shayi. Ni ba ji na yi ba. Ni na shiga ramin.

Wanda bai san aikinmu ba yana zaton ma'aikacin kashe gobara wuta kawai yake kashewa. A ƙasar Daura, rijiyoyin da na shiga sun fi gobarar da na kashe yawa nesa ba kusa ba. Yaro ya faɗa, saniya ta faɗa, mai yasar rijiya ya shiga bai fito ba, duk mu ake kira. A lokacin igiyar muƙami biyu gare ni a kafaɗa, kuma ni ne mai shiga rijiya na rukunin safe. Shugaban rukunin shi ne Oga Isyaku, Allah ya jiƙansa, mutum mai tsananin bin ƙa'ida. Ba mai taɓa igiya sai ya ce a taɓa.

Ranar Laraba ce, cikin bazara, a shekara ta biyu da fara shari'a a jiharmu. Da hantsi wani ɗan acaɓa ya kawo saƙon dagacin wani ƙauye da ke kan hanyar Zango, wai mutum ya faɗa tsohuwar rijiyar bayan gari. Sai da muka hau mota ya ce mana Bawa ne. Direbanmu ya yi salati har sau uku.

Ku yaran yanzu ba ku san Bawa ba sai a waya. Makaɗin gurmi ne, kuma a zamaninsa ba motar da za ka shiga daga Daura zuwa Kano ba ka ji kasat ɗinsa ba. Kulu sunan mahaifiyarsa ne, da ita ake masa laƙabi. Da shari'a ta zo, kiɗan biki ya ja baya ƙwarai. Akwai ma bikin da wasu matasa masu wa'azi suka tashe shi yana tsakiyar waƙa, ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Daga nan ya koma ƙauyensu ya kama noma da kiwo, mutane suka ce ya rage fara'a.

Mun isa mun tarar da jama'a kamar ranar kasuwa. A bakin rijiyar ga takalmansa a jere, ga babbar rigarsa a ninke a kansu, ga hula a saman rigar, agogo a cikin hular. Waɗannan kayan su suka raba garin biyu tun kafin a ga gawa.

Masu cewa ya kashe kansa suna nuna rigar. Wai wanda tsautsayi ya ja ba ya tsayawa ninke riga, baƙin cikin rabuwa da gurmi ne ya ci shi. Masoyansa kuwa, yawancinsu direbobi da 'yan acaɓa, sun rantse kashe shi aka yi aka jefa, aka jera kayan don a rufe ido. Har sunaye suke kamawa. Wani ya ce matasan nan ne, wani ya ce wani makaɗi ne da suka daɗe ba sa ga maciji, wani ya ce ɗan siyasar da ya ƙi yi wa waƙa ne. Wani dogo ya riƙe hannuna ya ce, "Yallaɓai, in ka sauka ka duba wuyansa da kyau, za ka ga shaida." Na ce masa ya sakar mini hannu, ban ma sa ƙafa ba ya riga ya gaya mini abin da zan gani.

Ban da mutane, akwai wata jar akuya da ta dame mu. Sai a kore ta, ta zagayo ta dawo bakin rijiyar tana kuka. Har ni sai da na wurge ta da ɓurɓushin ƙasa, Allah ya yafe mini.

Dagaci ya ja mu gefe, gindin wata bedi, inda limamin garin yake zaune da sajan ɗin 'yan sanda. Liman dattijo ne mai sanyin magana. Ya ce, "Ni ban yanke wa bawan Allah hukunci ba. Amma in ta tabbata shi ya hallaka kansa, za a yi masa salla, sai dai ba ni zan ja ba, kuma manyan gari ba za su tsaya ba. Haka muka karanta, don kada wani ya kwaikwaya."

Kun san abin da wannan ke nufi a ƙauye. Mutumin da ƙasar Hausa ta sani, a samu mutum biyar shida su sallace shi a bayan danga, 'ya'yansa su tashi ana nuna su da baki. Sai a lokacin na gane dalilin da masoyansa suka dage a kan kisa. Ba su ga wata hanyar wanke shi ba.

Muna cikin haka wata tsohuwa ta ratso maza da sandarta, ba wanda ya iya tare ta. Ita ce Kulu. Ba kuka take yi ba. Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Wane ne mai shiga?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "Ɗan nan, ubansa haƙar rijiya ya yi har ya mutu. Haka yake ajiye kayansa in zai sauka. Na faɗa musu sun ce uwa ce, dole ta faɗi haka. Kai dai ka je ka gano mini."

Wallahi maganar ta zauna mini, don mu ma haka muke yi. Ba mai shiga rijiya da agogo.

Ƙa'idar aiki ita ce ba a shiga tsohuwar rijiya sai an gwada iskarta. Akan kunna fitilar ƙwai a ɗaura mata igiya a zura a hankali. In ta kai ƙasa tana ci, mutum zai iya numfashi. In ta mutu a hanya, to akwai muguwar iska, irin wadda ruɓaɓɓen ganye ke tarawa a rijiyar da aka daɗe ba a ɗiba. Ba ta da wari, ba ta da launi. Mutum zai ji jiri ne kawai, gwiwa ta saki, shi ke nan. Na roƙi liman da dagaci su matso su kalla da idonsu. Fitila ta yi gaba bakwai tana ci, a ta takwas ta lumshe ta mutu. Muka fito da ita muka sake kunnawa, ta sake mutuwa a daidai wurin.

Sai na goya tulun iska, na rufe fuska, aka ɗaura mini igiya. Shiga biyu muke yi: ta farko ka duba ka fito ka faɗa wa shugaba, ta biyu ka ɗaure a jawo. Rijiyar irin ta da ce, da ramukan taka ƙafa da mahaƙa ke sassaƙawa a jikinta. Ina sauka ina haska su da tocila, sai na ga ƙurar da ke cikinsu a goge take, rami bayan rami, dama da hagu. Wani ya taka su a safiyar nan.

Ruwan ƙasan bai kai gwiwa ba. Na same shi a zaune ya jingina kafaɗa da bango, wandonsa a naɗe, ƙafarsa ta dama tana gab da ramin farko. Na shafa kansa, na duba wuyan da aka ce in duba, na taɓa hannuwa da ƙafafu. Ba karaya, ba rauni. Wanda ya faɗo gaba goma sha biyu, ko jefo shi aka yi ko shi ya diro, ba haka ake samunsa ba. Da na ɗan juya shi sai na ga abin da ke bayansa. Ɗan akuya ne ja, bai fi wata guda ba, ya goya shi da hiraminsa, ya ƙulle a ƙirji kamar yadda mata ke ɗaure goyo. Shi ma ya mutu.

Na daɗe ina aikin nan, amma ranar hawaye ya cika mini abin rufe fuska har na daina gani sosai. Na ja igiya sau biyu aka fito da ni.

Na ja Oga Isyaku gefe na gaya masa komai. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Koma ka kwance mushen, ka ɗauro mamacin, mushen ya biyo baya a guga."

Na ce, "Yallaɓai, a bar ni in fito da shi yadda na same shi."

Ya ce, "Lawal, kana da hankali kuwa? Gawar Musulmi da mushe a bayanta, a gaban uwarsa da liman? Ka san ƙa'ida, mutum daban, dabba daban."

Gaskiyarsa ne, haka aka koya mana, kuma ban taɓa musa masa ba sai ranar. Na ce, "Yallaɓai, in na kwance ƙullin nan, abin da ya rage bakina ne kawai. Dubi mutanen nan. Waɗancan za su ce na rufa masa asiri, waɗannan za su ce an saye ni. Kowa zai ce akuyar daban ta faɗa. Ƙullin ne shaidarsa, kuma shi ya ɗaura da hannunsa."

Ya dube ni, ya dubi taron. Ya ce, "In wurin nan ya hargitse, sunanka zan rubuta."

Na ce, "Na yarda, Yallaɓai."

Na koma. Na zagaya masa igiya ta ƙarƙashin hammata yadda ba za ta taɓa hiramin ba, na biyo shi daga ƙasa ina tare shi kada ya gogi bango. Da muka iso baki an riga an kare wurin da zannuwa, dagaci da liman da sajan da Kulu kaɗai ke ciki. Amma jar akuyar nan ta kutsa ta ƙarƙashin zane, ta je ta sa hanci a bayansa tana kuka. Wani Bafulatani daga waje ya leƙo ya ce tasa ce, tun fitowar rana suke neman ɗanta.

Kulu ta durƙusa ta kama ƙullin tana dubawa. Ta ce, "Ni na koya masa. Ban haifi mace ba, shi ya goyi ƙannensa duka." Sai a sannan ta yi kuka.

Liman ya ce a ɗage zanen gefe ɗaya, dattawa su shigo goma goma su gani kafin a kwance. Sai da suka gama gani, sajan ya rubuta, sannan Kulu ta kwance da hannunta. Liman ya miƙe ya ce da dagaci, "A sanar da gari, bayan azahar, a ƙofar masallacin Juma'a. Ni zan ja."

Ban taɓa ganin jana'iza irin wannan a ƙauye ba. Motocin haya sun ajiye fasinja sun zo. Har matasan nan da suka tashe shi a biki na gani a sahu na biyu. Ni ma na tsaya da kakina bai gama bushewa ba, kuma ba zan ɓoye muku ba, ranar na ji alfahari da kakin nan fiye da ranar da aka ƙara mini igiya. Muka kamo hanya a mota har muka shigo Daura. Da Oga Isyaku zai sauka ya ce mini, "Na rubuta sunanka." Da na ga rahoton, a wajen yabo ya sa shi.

Kada ku zaci surutu ya mutu. Har gobe akwai mai rantse maka cewa makasan ne suka sauka suka goya masa akuyar. Na taɓa zama a mota wani yana ba ni labarin wai ma'aikacin da ya shiga ya ga sara uku a wuya aka hana shi faɗa. Na tambaye shi ko ya san ma'aikacin, ya ce abokin wansa ne. Na ce Allah sarki, na ci gaba da cin gyaɗata. Mutane ba sa son a ce babban mutum ya tafi a kan ƙaramin abu, sai sun nemo masa mutuwar da ta kai girmansa. Ni kuwa ban ga abin da ya fi wannan girma ba: mutum ya ji kukan dabbar da ba tasa ba, ba mai kallonsa, ya tuɓe riga ya sauka.

Abin da nake so ku riƙe, ku da za ku gaje mu, shi ne wanda ya fara isa ƙasan rijiya shi kaɗai ke ganin gaskiya kafin hannu ya taɓa ta. Mamaci ba zai tashi ya kare kansa ba. Ku gwada iska, ku duba kafin ku taɓa, kuma kada ku yi saurin kwance abin da ba ku kuka ɗaura ba.

Kulu ta yi shekara huɗu bayansa. Duk ranar da aiki ya bi da mu ta garin nakan tsaya in gaishe ta, kuma ba ta taɓa riƙe sunana ba. In an gaya mata ni ne, sai ta ce, "Ku shimfiɗa masa tabarma, wanda ya samo wa Bawa sallarsa ne."