Jan Geron da ke Tulun Iya

Tun ranar Talata na rasa sukuni. In zauna, in tashi, in buɗe littafi, in rufe. Maigidana har ya tambaye ni ko wani ya ɓata min rai a makarantar da nake koyar da Turanci. Ba wanda ya ɓata min. Wata ɗaliba ce ta yi min tambaya, tambayar ta ɗauke ni daga Takur ta dire ni a ƙauyenmu na bayan Buji, gaban murhun Iya.

Iya ita ta haifi babanmu. Sunanta aka sa min, shi ya sa takwara take ce min. Da an idar da magariba an sauke tukunya, sai mu jikoki mu kewaye sauran garwashin don jin tatsuniya. Ta gyara zama ta ce, "Ga baƙuwa a ƙofa, in shigo da ita?" Mu haɗa baki, "Shigo da ita, Iya, mun share mata wuri!" Ko da ciwon kai take, ba ta taɓa korar mu ba.

Ina da shekara tara ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye. Kafin bazara ta raba, rumbunmu ya zama fanko. Sau ɗaya ake ɗora tukunya a yini, ita ma dusa ce da busasshen zogale. A wannan halin aka yaye ƙanwata Jummai, aka kawo ta ɗakin Iya kamar yadda aka saba. Yarinyar nan kuka take har muryarta ta dishe.

A ƙuryar ɗakin akwai tulu, an rufe shi da faifai an danne da dutse. Geron iri ne a ciki, wanda za a shuka in ruwa ya sauka, kuma jajawur yake. Iya ta ce malamin gona ne ya ba ta maganin ƙwari ta gauraya, ko kaza ta tsinci ƙwaya ɗaya sai ta mutu. Wata rana na ji Baba a bakin ƙofa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Iya, ko wanke shi za a yi? Yaran nan fa sun galabaita."

"Wanke mana," in ji ta. "Amma ka fara haƙa rami kafin ka ba su."

Baba ya juya ya tafi.

Bayan kwana biyu, da rana tsaka, na shiga ɗauko ludayi. Me zan gani? Iya tsugune gaban tulu, ta jefa jan geron a baki tana tauna. Kusa da ita ga kasko cike da dakakkiyar jar ƙasa. Na ƙame ina jiran ta faɗi. Ina! Ko tari ba ta yi ba. Ashe ba wani magani, ƙasa ce kawai ta barbaɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, don a lokacin ma Jummai na kwance a tabarma tana tsotsar yatsa.

"Wallahi sai na gaya wa Baba!"

Ta tofar da tsakin a hannu ta duba. "Ƙwaya uku ce, takwara, ina jin ko ƙwari sun shiga. Ki bari a yi tatsuniya yau. In kin ji, ki je ki faɗa, ba zan riƙe ki ba."

Da yamman nan na zauna nesa da ita ina kumbure-kumbure. Ta shigo da baƙuwarta. Wai shekarar yunwa ce a dawa, aka kawo maƙaryata biyu gaban alƙali. Dila ya cika buhu da yashi, ya lulluɓe samansa da dawa, ya ba zomo ya karɓe masa akuya. Gafiya kuwa ta jawo tsohuwar saɓar maciji ta shimfiɗa a bakin ramin da ta ɓoye gyaɗar shuka, ta ce wa 'ya'yanta kumurci na ciki. Ƙaramin ɗanta ya taɓa, ya ji fata ce kawai, shi ya kai ƙara. Jama'a suka ce ai duk ƙarya ce, a yi musu bulala ɗaya. Alƙali ya ce a'a, kowa ya ɗaga riga. Dila ya ɗaga, ga tumbi ya yi tsini. Gafiya ta ɗaga, ana ƙirga haƙarƙarinta ɗaya bayan ɗaya. Alƙali ya sa aka zane Dila, ya ce Gafiya ta koma gida.

"To 'ya'yan gafiyar fa, Iya?" Ni na tambaya, da tsiwa. "Sun ƙoshi?"

"Ba su ƙoshi ba," ta ce, idonta a kaina. "Na sauke baƙuwa nan, mai so ya ba ta masauki."

Ta miƙa hannu za ta gyara itace, awarwaronta ya zame har gwiwar hannu. A nan na tuna kullum ita ke cewa ta ci a madafa, ta tura wa Jummai nata rabon. Baba na zaure, taku ashirin ne tsakaninmu. Na tashi, na kai bakin zauren, na tsaya, na dawo. Ban faɗa ba.

Sai bayan sati biyar ruwa ya sauka. Aka shuka jan geron, ya tsiro ba gibi. Maƙwabtan da suka cinye irinsu suka bazama neman na shuka gida-gida. Amma kafin geronmu ya fid da kai, ƙyanda ta shigo ƙauye. Yara da yawa sun kwanta sun tashi. Jummai ba ta da jikin da za ta tashi da shi. Aka ce kwana ne ya ƙare, na kuma yarda, Allah ya jiƙanta. Ranar da aka dama kunun sabon gero, Iya ta karɓi ƙwarya ta riƙe a cinya har ya huce. Ba ta sake shigo mana da gafiya ba har ta rasu.

To, ranar Talata na rubuta wa 'yan ajina kalmomin yaudara na Turanci a allo. Na ce musu "deceive" ita ce uwar, ka sa mutum ya yarda da abin da ba haka yake ba. "Cheat" ha'inci ne, mai yi shi ke cin riba, irin na Dila. "Trick" dabara ce, har a wasa ana yi. "White lie" kuwa 'yar ƙaramar ƙarya ce da ba ta cutar da kowa, kamar ka ce wa mai girki miya ta yi daɗi. Sai Rifkatu, wadda iyayenta suka zo aiki daga Filato, ta ɗaga hannu.

"Malama, wannan kin ce ƙarama ce. Babbar fa? Wadda aka yi don alheri amma ta yi ciwo, me ake ce mata?"

Na ce zan duba mata.

Na duba ƙamus biyu, na duba waya. Duk kalmar da na ɗora wa Iya sai ta ƙi zama. Ba riba ta ci ba, ba wasa ta yi ba, ba kuma zan iya rantsuwa cewa ba wanda ya cutu ba. Da an dama wa Jummai kwano ɗaya daga tulun nan, da ta tashi? Da an buɗe shi, wa zai tsaya a kwano ɗaya? Haka nake ta juyawa.

Baba na nan da ransa, ya tsufa. Duk sanda aka ta da zancen shekarar, sai ya sa wa malamin gonar nan albarka, wanda bai taɓa zuwa gidanmu ba. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce amin.

Gobe Rifkatu za ta ɗaga hannu, ba ni da kalmar da zan ba ta. Ƙaryar Iya ma da sauƙi, na ga haƙarƙarinta da idona. Tawa ce ke hana ni zama. Mu biyu muka rufe bakin tulun nan, ita ta kasa shan kunun. Ni na ci tuwon geron, har na miƙa kwano aka ƙara min.