Robar da ta kusa ƙwace mini numfashi

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu cewa kunya ce ta ɓoye ni, a'a, numfashin magana ne ba ni da shi.

Da busasshen tari ya fara. Daga shagona na shinkafa a kasuwar Artisan zuwa bakin titi sai na tsaya na huta. A unguwarmu ta Ogui kowa ya zama likita, wai tibi ce, wato tarin fuka. Aka ware mini kofi da cokali.

Gwaggo Talatu, ƙanwar babana, ita ke raka ni asibiti, don a gidanmu mace ba ta shiga wurin likita ita kaɗai. Ita ce kuma mai amsawa. Aka tambaya ko an taɓa yi mini tiyata, ta ce, "Wannan? Ko allura gudu take."

Ta yaya zan ambaci nono a gaban gwaggo?

Nonona na hagu bai taɓa girma ba. Na gaji da cusa tsumma a rigar mama, na je aka yi mini tiyata aka sa mini robar silikon a ciki da sanin mijina.

Gwajin majina bai nuna tibi ba. Ƙwayoyi suka ƙare, tari na nan. Ranar da na faɗi a shago, a gadon babban asibiti na farka, bututun iska a hanci. Na tsorata ƙwarai, na ɗauka tafiyar ce.

Likita ta duba hoton ƙirjina ta ce wa gwaggo, "Mama, abeg, a ba mu wuri."

Gwaggo ta ce, "'Yata ce, ba inda za ni."

Sai na faɗi maganar robar da bakina, tana zaune.

Ashe robar ce ta fashe, silikon ya bi jiki har ya kumbura mini huhu. Aka cire ta. Sarƙata ta zinare da firiza duk sun tafi a kuɗin aiki da magani. Gwaggo ta yi fushi, amma ita ta yi ta goge mini jiki.

Yanzu ina hawa bene ba na tsayawa, alhamdu lillahi. Na gode wa mijina, da gwaggo, da nas-nas ɗin da suka jure masifata.

Masu cewa Allah ne ya hukunta ni, Shi ɗin dai ne ya tashe ni.

'Yar'uwa, in kina da wannan roba, ki riƙa zuwa ana dubawa. In tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ki gaya wa likita komai, ko wa ke zaune a ɗakin. Gara a yi gulmarki kina ji da a zo ta'aziyyarki ana yabon kunyarki.