Tokar Gidan Tela

A shekarun da aka ce kowa ya tsuke bakin aljihunsa, ni mai buga tafireta ne a wata ma'aikatar gwamnati, albashina kuwa ba ya kai mu tsakiyar wata. Sai na ari wani ɗan fili a bakin ruwa, can Rafin Guza, na soma lambu. Abokan aiki suka yi ta yi mini tsiya, wai malamin ofis ya koma noman rani. Na bar su da bakinsu. Ana tashi daga aiki sai in haye kekena.

Takin zamani ya fi ƙarfina, ko ganinsa ma ba a yi. Kashin awaki da na kaji nake zubawa, toka kuma ita ce maganin tsutsa, a barbaɗa wa ganye da sassafe tun raɓa ba ta bushe ba. Alayyahu ya yi, yakuwa ta yi, kabewa ta yi ta yaɗo har ta fi ƙarfin gidana.

A layinmu na Unguwar Kanawa kowa na cikin matsi, amma kowa da kunyarsa. Da na aika da ganye kyauta, wasu gidajen dawo da shi suka yi, wai an gode, suna da shi. Ƙarya ce, na sani. Sai na kafa doka: a kawo kwanon toka, a tafi da ɗaurin ganye. Musaya ce, ba sadaka ba. Abin ya karɓu, ni kuma kaina ya kumbura. Ba toka, ba ganye, ko da ƙanin ubana ne.

Gida na uku daga namu na wani tela ne da ya rasu ya bar mata da 'ya'ya huɗu. Tokar matar ta fi ta kowa tsabta, sai ta tankaɗe take aikowa. Ran nan ba ta aiko ba. Washegari ma haka. A rana ta uku na raba ganye na tsallake gidanta, ina ta mita a tsakar gida.

"Mutane ke nan. Toka ma sai an roƙe su!"

Maiɗakina tana tsince shinkafa, ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Malam, ita tokar daga ina take fitowa?"

"Daga murhu mana."

"To, yau kwana uku ban ga hayaƙi a gidan nan ba."

Kunya ta rufe ni, haushin kaina ya kama ni. Don masu yunwa na yi dokar, ashe wadda ta fi kowa yunwa ita na rufe wa ƙofa.

Na san ko na kai ganyen ba za ta karɓa ba, in ma ta karɓa, da me za ta dafa? Na rantse rana ba za ta faɗi murhun nan yana sanyi ba. Na koma lambu na ɗauro busassun rassan dogon yaro a bayan keke, na ɗora kabewa. Maiɗakina ta ƙulla garin masara daga ɗan abin da ya rage mana. Na tsaya a zauren gidan na yi sallama, matar ta amsa daga bayan labule.

"Yaya, taimako na zo nema. Tsutsa ta addabi kabejina, tokar dogon yaro kaɗai take tsoro. Murhunmu ba zai cinye itacen nan ba, ki ƙona mini."

"Wannan ƙullin fa?"

"Ai ba a barin wuta tana ci a banza. Ki ɗora mata tukunya."

Sai ta tambaye ni daga bayan labulen:

"Malam, yaushe ka fara shuka kabeji?"

"Gobe, in Allah ya yarda."

Na ji ta yi wata 'yar dariya mai haɗe da kuka, sannan hannunta ya fito ya ja itacen ciki.

Kabeji kam na shuka shi, don ba na son a kira ni maƙaryaci. Tun daga lokacin kuma ba na raba ganye sai na tsaya a bakin layi na duba gidan da hayaƙi bai tashi ba.

Washegarin ranar da na kai itacen, da safe aka shigo da kwanonta. Na tura hannu cikin tokar, na ji ta da ɗumi.